Shanun Ardo Buba da Sunan Saudatu

Ku 'ya'yana, kun tashi kuna jin ana faɗa a gidan nan cewa Goggonku Saudatu ta taɓa yin aikin kwamfuta a Gusau, aikin ya lalace a hannunta, ni kuma na gyara aka ba ni wurin. Ban taɓa buɗe baki na faɗa muku haka ba, amma ban taɓa hana a faɗa ba. Yanzu ganina ya rage, ƙafa ta yi nauyi, shi ya sa nake so in rubuta yadda abin ya kasance tun ina iya riƙe biro.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba. Da ƙyar na gama sakandare, na koyi buga tafireta a bakin kasuwa, daga nan na samu aikin magatakarda a wata ƙungiyar manoma da makiyaya mai ofis ɗaki biyu a Gusau. Shekara ashirin ina buga wasiƙu ina rubuta sunayen waɗanda suka zo taro. Saudatu kuwa ita ce autar Innarmu. Na girme ta da shekara goma sha tara, ni ne ma nake ɗaukar ta a keke zuwa firamare a Bungudu. Ita ta yi karatun kwamfuta mai nisa, ta yi aure a Tsafe, mijinta malamin makaranta ne mai sauƙin kai, bai hana ta fita aiki ba.

A shekarar da aka haifi ƙanwarku Nafisa satar shanu ta yi yawa a yankinmu. Idan Allah ya sa aka ƙwato wasu, sai rigima ta tashi wurin rabo, mutum uku su tsaya a kan saniya ɗaya kowa yana rantsuwa tasa ce. Shugaban ƙungiyarmu, Alhaji Dahiru, ya ce a rubuta shanun kowane ɗan ƙungiya, da launinsu da irin ƙahonsu da shaidar da ke jikinsu, a buga wa kowa kati ya ajiye. Ni na kawo sunan Saudatu. Wannan kaɗai ne abin kirkin da na yi a labarin nan. Aka ce ta yi wata uku na gwaji, in dattawan ƙungiya sun gamsu a ɗauke ta aikin dindindin ta riƙe ofishin bayanai. Ta so aikin nan ƙwarai. A lokacin babu wani wurin da zai ba mace irin wannan aiki a kusa da gida.

Kwamfutar da muke da ita tsohuwa ce, kyauta aka ba mu. Saudatu ta goge duk abin da ke ciki ta sa mata wani tsari da ake kira Linux, wanda ba ka ganin komai sai baƙin allo da fararen haruffa. A kan wannan baƙin allon ta zauna ta rubuta manhajar shanu da hannunta, layi bayan layi, tana gyara mayafi tana magana ita kaɗai. Ta bayyana mini cewa abin da take rubutawa mutum ne ke iya karantawa, kwamfuta ba ta gane shi sai an harhaɗa shi an juya shi zuwa nata yaren, kamar gero da ba a shan sa sai an daka. Ta koya mini yadda ake harhaɗawar, kalma ɗaya ce ake bugawa, “make”, don in tana Tsafe ta aiko da gyara in iya sa shi da kaina. Na koya, amma raina bai so ba. Ran nan mun biya gida Bungudu cin abinci, Inna ta dube ni ta yi dariya.

“Lawali, ashe yanzu auta ka koya maka karatu? Ikon Allah! Ka riƙa zuwa da wuri hwa, kada malama ta yi maka bulala.”

Kowa ya yi dariya, har ni. Amma maganar ta zauna mini a ciki.

Abin da ya fi burge ni da Saudatu ba kwamfutar ba ce, yadda take aiki a ruga ne. Ta san ba a tambayar makiyayi yawan shanunsa, don haka ba ta taɓa cewa nawa ne. Sai ta shimfiɗa tabarma wajen mata, ta sha nono, ta nuna saniya ta ce wannan ta wace ce. Garke ɗaya ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai saniyar da mace ta zo da ita daga gidan ubanta, akwai ta sadakinta, akwai wadda aka ba yaro ranar suna, akwai wadda aka ba aboki riƙo. Saudatu ta ce dole a rubuta kowace saniya da sunan mai ita na gaskiya, don in an yi sata ko an yi mutuwa, saniyar mace ce ke fara ɓacewa a cikin garken maza. Saboda haka ta sa manhajar ba ta karɓar fiye da shanu sittin da huɗu a kan suna ɗaya. In an kai nan sai ta tsaya ta ce a koma a sake tambaya. Wanda da gaske ya fi haka, ita da kanta za ta je ta gani ta buɗe masa shafi na biyu.

Wata Litinin muka je rugar Ardo Buba, ta wajen Furfuri. Shi ne babba a cikin makiyayan ƙungiya, mutum mai barkwanci. Ya ga Saudatu ta wuce shi ta nufi bukkokin mata da littafinta, sai ya juyo wurina, ya kira ni da sunan da Fulani ke kiran Bahaushe.

“Kaɗo, ƙanwar nan taka lauya ce ko malamar dabbobi?”

“Mai rubutu ce kawai, Baba Ardo,” in ji Saudatu daga can. “Jar nan mai karyayyen ƙaho ta wace ce?”

“Tawa ce mana.”

Sai uwargidansa ta leƙo daga bukka da ƙwarya a hannu.

“Kada ki rubuta, yarinya! Ta 'yata Hajara ce, kawunta ya ba ta ran suna. Tsohon nan ko kazar gidan ga kika nuna zai ce tasa ce.”

Ardo ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ba mu yi nisa ba hadari ya taso, muka baro wurin. Washegari Saudatu za ta zagaya rugagen Tsafe, ga shi ranar Alhamis dattawa za su zo ofis ganin aikin, kuma Ardo yana cikinsu, zai so ganin katinsa. Sai ta bar mini garkensa. Ta ce, “Yaya, don Allah ka zauna da matan, ka bi su ɗaya bayan ɗaya.” Na ce to.

Da na koma rugar ranar Talata ban zauna da su ba. Na ga kamar bai dace da mai furfura irina ya tsuguna a ƙofar bukkar matan wani yana tambayar maraƙi ba. Na zauna inuwa da Ardo, 'ya'yansa suka riƙa koro shanun ta gabanmu ina rubuta launi da ƙaho. Da na ce masa ana son sunan mai kowace, ya kaɗa hannu.

“Rubuta su duka da sunana, Kaɗo. Matan nawa ne, 'ya'yan nawa ne. Shanun na wa za su zama?”

Maganar ta yi mini daɗi don ta rage mini wahala. Na dawo Gusau da azahar da shanu ɗari biyu da goma sha biyu a takarda, duk a kan suna ɗaya. Na fara shigar da su. Da na zo kan ta sittin da biyar manhajar ta ƙi, ta rubuto cewa in koma in sake tambaya. Na ji kamar Saudatu ce ta tsaya a kaina tana yi mini faɗa a gaban mutane. Na taɓa ganin ta buɗe wani ƙaramin fayil da ta tara lambobin manhajar a ciki. Na nemo shi, na ga sittin da huɗu, na goge na rubuta ɗari uku. Na buɗe ɓangaren shigar da shanu na cire gargaɗin. Na buga “make”. Haruffa suka gudu a allo suka tsaya, ba wani ƙorafi. Na ci gaba, ta karɓi shanun Ardo gaba ɗaya. Na tashi yin la'asar ina ce wa kaina, ashe karatun nasu ke nan.

Ranar Alhamis dattawa goma sha biyu suka zo daga Bungudu da Tsafe, aka cika ɗakin da benci, janareta na ƙara a waje. Saudatu ta buga katin mutum uku, aka riƙa miƙa su hannu zuwa hannu ana sa albarka. Sai Ardo ya ce nasa fa. Ta rubuta sunansa ta danna. Manhajar ta ɓace daga allo, sai wasu kalmomi biyu na Turanci da har yau ban manta da su ba, “Segmentation fault”. Daga baya na san ma'anarsu ita ce manhaja ta taɓa wurin da ba nata ba a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, an kashe ta nan take. Ta sake buɗewa, ta sake faɗuwa. Sau uku.

“Shanun Ardo sun tunkuyi injin!” in ji wani dattijo. Wasu suka yi dariya.

Wani kuma ya ce a hankali, amma yadda kowa zai ji, “Dama mun ce wanga aiki a ba kamfani. Dukiyar mutane ba abin gwaji ba ce.”

Alhaji Dahiru bai yi dariya ba. Ya ce da Saudatu, “Malama, ran Litinin za mu dawo. Muna son mu ga ya yi, kuma muna son mu ji mi ya hwaru. In abu na faɗuwa haka kawai, ba mu iya damƙa mishi shanun jama'a.”

Ina tsaye a bakin ƙofa. Tun faɗuwar farko na san daga ina abin ya fito. Bayan sun watse, Saudatu ta shiga ɗaya ɗakin yin sallah. Na zauna da sauri na mai da ɗari uku sittin da huɗu, na mai da gargaɗin inda yake. A tunanina na share sawuna.

Ranar Juma'a tun da hantsi muka buɗe ofis. Ban ga alamar ta yi kuka ko ta ruɗe ba. Abin da ta fara yi shi ne ta kwafe duk abin da ke cikin kwamfutar ta ajiye a gefe yadda yake, ta ce ba a gyara abu kafin a adana yadda aka same shi. Sannan ta ɗauko sabon littafi ta raba shafi biyu, gefe ɗaya abin da ta gwada, gefe ɗaya abin da ya faru. Ta buga katin kowa a jere, duk suka fito, sai na Ardo. Ta tambaye ni ko na ga wani abu daban ranar Talata. Na ce ban gani ba. Na shiga kawo mata dalilai. Na ce wutar janareta ce ke rawa. Na ce ƙura ce ta shiga. Na ce ko ƙwayar cutar kwamfuta ce. Abin da ke sa ni jin kunya har yau shi ne duk wanda na faɗa sai ta rubuta shi a littafin da muhimmanci, ta gwada shi. Ta sa aka hure cikin kwamfutar. Ta jira aka kawo wutar gari ta sake gwadawa. Sannan ta yi murmushi.

“Yaya, in wuta ce, me ya sa ba ta jin haushin kowa sai Baba Ardo?”

Bayan an sauko daga masallaci ta sake harhaɗa manhajar gaba ɗaya tun daga tushe. Na sa rai shi ke nan, tunda na mai da lambar. Ta danna sunan Ardo, ta sake faɗuwa. Saudatu ta ce madalla. Na ce madalla da me? Ta ce abin da ke faɗuwa kullum a wuri ɗaya bai da wuyar kamawa, wanda ke faɗuwa yau ya ƙi gobe shi ne abin tsoro. Ta nuna mini cewa duk lokacin da manhajar ta faɗi tana barin wani fayil mai ɗauke da duk abin da ke cikinta a daidai lokacin. Ta buɗe shi da wata manhaja mai bin diddigi, sunanta gdb, wadda ta jero mata matakan da aka bi daga na ƙarshe zuwa na farko, kamar mai bin sawun ɓatacciyar saniya daga bakin rafi zuwa garke. Sawun ya tsaya a ɓangaren buga kati. Ta karanta ɓangaren sau biyu da yatsa a kan allo, ta ce wannan lafiyarsa ƙalau, wani abu ne aka miƙo masa a lalace. Muka tashi a nan.

Ranar Asabar ta sa manhajar ta riƙa tafiya layi ɗaya ta tsaya, layi ɗaya ta tsaya. A kowace tsayawa sai ta tambaye ta abin da take riƙe da shi ta rubuta a littafi. Ni da na zauna ina kallo kawai na gaji, ita ko miƙewa ba ta yi ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta kai inda manhajar ke ɗauko bayanin Ardo daga ajiya. Ta tambayi yawan shanun. Allo ya nuna 212. Ta ajiye biro.

“Ga ta nan. Yaya, ka ga, kowane suna na kafa masa turke sittin da huɗu. An kawo shanu ɗari biyu da goma sha biyu. Waɗanda suka rasa turke sai suka faɗa filin maƙwabta suna tattake abin da ke wurin. Duka da sunan Ardo ka rubuta su?”

“Shi ya ce a yi haka,” na ce. “Kuma manhajar ta karɓa. Ban ga ta hana ba.”

“Ta karɓa?”

“Ta karɓa.”

Ta yarda da ni. Ba ta yi mini faɗan ƙin zama da matan ba ma, hankalinta ya tafi kan cewa shingen da ta yi yana da ɓaraka. Awa uku ta yi tana neman ɓarakar da babu ita. Ta ƙirƙiro sunan gwaji ta shigar da shanu sittin da biyar, aka hana ta. Ta gwada ta wata hanya, aka hana ta. Ina zaune kusa da ita, abincin da matata ta aiko mana ya huce ba ta taɓa ba. Sau biyu na buɗe baki, sai in tuna dariyar Inna da idon dattawa, in rufe.

Can ta jingina da kujera. Sai ta buɗe kwafin da ta ajiye ranar Juma'a, ta sa kwamfutar ta jero fayilolin da ranar da aka taɓa kowanne da lokacin. Ban san kwamfuta na riƙe wannan ba. Ina hango allon ta kafaɗarta. Ba ta juyo ba ta yi magana.

“Manhajar ɓangare biyar ce. Ranar Talata gab da la'asar an harhaɗa ɓangare ɗaya shi kaɗai, na shigar da shanu. Shi ya sa ya karɓi abin da sauran huɗun ba su san da shi ba. Ranar Alhamis kuma an sake taɓa fayil biyu, lokacin ina sallah.”

Mu biyu kaɗai ke da makullin ofishin. Na ce, “Agogon kwamfutar nan ba ya tafiya daidai.”

Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Ta dubi na allo. Daidai suke. Sannan ta dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da take yi mini tana ƙarama in na yi mata alkawarin alewa na dawo hannu wofi.

“To, Yaya,” ta ce.

Ta jawo kujera ta shiga gyara. Ta sa manhajar ta riƙa duba yawan shanu kafin ta ɗauko su daga ajiya, in sun wuce ƙima ta faɗa da baki maimakon ta faɗi. Ta gyara tsarin harhaɗawa yadda in an taɓa fayil ɗin lambobi dole ɓangarorin biyar su sake haɗuwa tare. Ranar Lahadi ta hau mota ita kaɗai zuwa rugar Ardo, ta yini a wajen matan. Shanun nan suka rabu kan suna goma sha tara. Na Ardo na kansa hamsin da ɗaya ne.

Ranar Litinin dattawa suka dawo. Katin Ardo ya fito, na uwargidansa ya fito, har na Hajara da jar saniyarta. Ardo ya juya nasa ya ce an yi masa fashi da rana tsaka, aka yi dariya. Sai Alhaji Dahiru ya gyara zama.

“Mun gani, Malama. Saura mu ji. Mi ya kada shi?”

Saudatu ta miƙe. Ta ce an shigar da shanu fiye da wurin da aka tanada, kuma ita ce ta bar manhajar tana ɗaukar lamba ba tare da dubawa ba, ita ce kuma ta bar hanyar da za a iya harhaɗa rabi a bar rabi. Ta ce duka biyun sakacinta ne, ta toshe su. Babu ƙarya ko ɗaya a maganarta. Alhaji mutum ne mai lura, ya ce ya ji, amma yana son ya sani, wani ya taɓa injin ne ko shi kaɗai ya yi haka? Saudatu ta sunkuyar da kai, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta bar mini wurin magana, fili sarai. Alhaji ya juyo.

“Malam Lawali, kai ka kwana da makulli. Wani ya taɓa?”

“Ba wanda ya taɓa, Alhaji.”

Dattawa suka fita waje suka yi shawara. Da suka dawo Alhaji ya ce sun gode wa Malama, aikin ya yi kyau kuma za a ci gaba da amfani da shi, amma ba su natsu su ba da ofishi ga wadda abu ya faɗi a hannunta shi kaɗai a gaban jama'a ba. Tunda Malam Lawali ya daɗe a ƙungiya kuma an ce ya iya injin, shi zai riƙe. Na ji mutane na yi mini barka. Na karɓi hannuwansu.

Da wata ce, da ta bar ni da injin in san yadda zan yi. Saudatu ta ƙara mako guda ba wanda ya sa ta. Ta rubuta mini littafi cikakke da Hausa, abin da zan buga in kaza ya faru, yadda zan adana bayanai kowace Alhamis, yadda zan buɗe shafi na biyu. Ta zaunar da ni na maimaita kowane mataki har na iya. Ba ta tayar da maganar Talata ba ko sau ɗaya. Abu ɗaya ta roƙe ni, in riƙa zama da matan. Wannan kam na yi shi har na bar aiki. Ta koma Tsafe tana koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata. Ni na riƙe ofishin shekara tara, manhajar ba ta sake faɗuwa ba. Da katinta wata gwauruwa daga Wanke ta karɓo shanunta bakwai daga hannun 'yan'uwan mijinta. Ta zo har ofis ta durƙusa tana yi mini addu'a.

A gida kuwa labarin ya juya yadda kuka ji shi. Da sallar layya ta shekarar muna zaune a ɗakin Inna, ta kamo hannun Saudatu tana lallashi.

“Ki yi haƙuri, auta. Ba kowa ka dacewa da abin da ya karanta ba. Ki gode Allah yayanki na kusa, shi ya ruhe miki asiri.”

“Na gode Allah, Inna,” in ji Saudatu.

Ina wurin, da nama a hannuna. Inna ta ƙara shekara huɗu a duniya, kuma duk baƙon da ya tambayi auta sai ta rage murya ta ce karatun bai karɓe ta ba.

Bara na kwanta ciwon da kuka sani. Da na tashi na tafi gidan Alhaji Dahiru, na roƙi a kira dattawan da suka rage. Huɗu suka samu zuwa. Na faɗi komai, tun daga inuwar Ardo har amsar da na bayar. Alhaji ya tsufa ƙwarai, ya dube ni.

“Lawali, shekara goma sha ɗaya kana gaishe ni da wanga abu cikin cikinka?”

Ya ce a nemo mota, shi da ƙafarsa zai je Tsafe. Muka tafi tare. A zauren gidan mijinta ya ba ta haƙuri da sunan ƙungiya, ya ce sun yanke hukunci a kan abin da ba su bincika ba. Ta ce ba komai, ta tambayi lafiyar manhajar, ta kawo mana tuwo. Da Alhaji ya fita alwala na samu muka rage mu biyu. Na roƙe ta gafara. Na tambaye ta abin da ya hana ta faɗa, alhali shaidar na hannunta.

“Ni zan tsaya gaban dattawan gari in ce yayana ya yi ƙarya? Kai ka kai ni makaranta. Na ɗauka za ka faɗa da kanka, in ba ranar ba, to wani makon.” Ta tattara kwanukan. “Na yafe maka, Yaya, tun ran Asabar ɗin. Kada ka sa wa kanka wani ciwon.”

Na ce to yanzu dai Alhaji ya ji, dattawa sun ji, sunanta ya wanku.

Ta tsaya a bakin ƙofa da kwanukan a hannu.

“Na gode da ka kawo shi. Amma ni ba Alhaji na so ya ji ba. Inna na so ta ji.”

Ta shiga cikin gida. Na zauna a zauren har Alhaji ya dawo ya ce mu kama hanya.